Ƙidayar 'Ya'ya da Wake

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, a sashen lissafi da ƙididdiga, kowane ɗalibi sai ya yi bincike nasa na kansa, ya rubuta shi littafi guda, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Furojet muke ce masa. Wanda nasa bai tsallake ba, ko ya cinye duk sauran darussa, sai ya ƙara shekara yana kallon abokansa sun tafi hidimar ƙasa. Yawancin 'yan ajinmu hanya mai sauƙi suka bi. Ka je wani ofis a ba ka tsofaffin alƙaluma, ka zuba wa kwamfuta, ta tofo maka amsa. Ni kuwa da rawar kaina na ce a'a, nawa alƙaluman da kaina zan tattaro su, kuma a ƙasarmu ta Gumel.

Abin da na zaɓa shi ne in gano tsawon lokacin da mace take ɗauka tsakanin aure da haihuwar fari, da kuma yawan 'ya'yan da take samu. Malamin da aka ba shi duba aikina dattijo ne siriri, mutumin kudu, amma ya daɗe a arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Matsalarsa ɗaya, yana son karin magana, kuma ba kasafai yake sa ta a gurbinta ba. Ka gaishe shi da safe sai ya ce maka “komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,” ka rasa wa aka jefa. Muna yi masa dariya a bayan ido, muna kuma tsoronsa. Yana da doka guda da ba ya sassautawa: kafin ka taɓa kwamfuta, sai ka zana alƙalumanka da hannu a takarda mai layi-layi, ka kawo masa ya gani.

Da hutun bazara na dawo gida da takardun tambayoyi cike da jaka. An koya mana cewa ba a zaɓen ƙauye don yana kusa da titi ko don kana da dangi a can, ƙuri'a ake yi. Saboda haka na rubuta sunayen ƙauyuka a 'yan takardu, na nannaɗe, na zuba a hular Baba, na sa shi ya rufe ido ya ɗebo shida. Biyu suka faɗo a Gagarawa, biyu a wajen Ɗanzomo, ɗaya dab da iyaka bayan Maigatari, sai wata rugar Fulani a ƙasar Sule Tankarkar. Baba ya duba sunayen ya ce hularsa ba ta ƙaunata, don babu ɗaya a ciki da mota take shiga.

Haka kuwa aka yi. In hau motar haya zuwa inda kwalta ta ƙare, in hau babur mu yi ta iyo cikin yashi, wani wurin in sauka in taya mai babur turi. Ko'ina na je sai na fara gaida mai unguwa, ya haɗa ni da wanda zai shigar da ni gidaje. Matan sun karɓe ni hannu bibbiyu. Na sha fura har na daina jin yunwa, wata tsohuwa ma ta ba ni ƙwan zabi a ƙullin leda. Tambayoyina uku ne manya. Shekara nawa da aurenki? 'Ya'yanki nawa? Babban shekararsa nawa? Da damina suke ƙirga shekaru, kuma ba sa kuskure. Idan na cire shekarun babban daga shekarun aure, na sami abin da nake nema. Abu mai sauƙi, ko ɗan firamare zai yi.

Wasu ƙananan matan dai sun ba ni haushi. Ga goyo a bayanta yana jan ɗankwalinta, in ce mata 'ya'yanki nawa, sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya, sauran matan gidan su taya ta. In sake tambaya, ta tashi ta shige ɗaki. Sai in rubuta “ba ta amsa ba,” in ware takardar gefe, ina cewa a raina wannan ƙauyanci da yawa yake.

Na san duk Bahaushen da ya ji wannan ya riga ya gano inda aka kwana. Ni ban gano ba, kuma a duk ajinmu ni ce ya fi kamata in gano.

Na koma makaranta na zana alƙaluman da hannu kamar yadda doka ta ce, na kai wa malamin ina ta ɗoki. Ya shimfiɗa takardar a tebur, ya cire tabarau, ya mayar. Tudun zanen, wato inda mafi yawan mata suka taru, ya kamata a gan shi kusa da farkon aure. Nawa ya tafi can gaba ya tsaya.

“Malama,” ya ce, haka yake kiran kowace ɗaliba, “zanenki yana cewa matan ƙasarku ba sa haihuwa sai sun yi shekara huɗu ko biyar da aure. Kusan dukkansu. Haka ne?”

Na tuna 'yan'uwana da ƙawayena da aka yi wa aure, da yadda muke zuwa suna tun lallen biki bai gama fita daga farce ba. Na ce ba haka ba ne.

“To idan malamin da za a ɗauko daga wata jami'a ya ga wannan ranar kare aiki, abu ɗaya zai ce. Zai ce kin zauna a inuwa kin cike takardun da kanki.”

Idona ya ciko. Na fara rantsuwa ina lissafa masa ƙauyukan, ya ɗaga mini hannu.

“Ni ban ce kin yi ba. Na ga ɗalibai da yawa da suka ƙirƙiri alƙaluma, kuma duk wanda ya ƙirƙira, mai kyau yake ƙirƙirowa. Naki ya yi munin da babu wanda zai zauna ya tsara shi. Ruwa ba ya tsami banza. Kina da mako shida kafin a rufe karɓar aiki. Ki koma gida ki gano abin da ya tsamar da shi. In ba ki gano ba, ba zan sa hannu ba, kuma kin san ma'anar wannan.”

Ranar ce kaɗai na ji ya sa karin magana a gurbinta, amma ban sami bakin dariya ba. Na yi kwana uku ina sake lissafi, ina fatan in kama kaina da kuskuren ɗebewa ko na kwafa. Babu. Ranar Alhamis na hau motar Gumel, cike da 'yan kasuwar Maigatari.

A nan sai na faɗi yadda gidanmu yake. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, mahaifiyata, mu shida ta haifa. Tun da aka yaye ni Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke ni zuwa sashenta, a cikin gida ɗaya, zaure ɗaya muke fita. A ɗakin Kaka na girma, a bayanta na yi barci, ita ta raka ni makaranta ranar farko. Inna kuwa ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son wani abu a wurina sai ta kalli bango ta ce, “A ce wa waccan ta zo ta ɗauki tuwonta.” Ranar da sakamakon shiga jami'a ya fito gidan ya kaure da guɗa, ita tana bakin murhu tana gyara wuta kamar ba a gidan ake yi ba. Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari, kowa ya sani. Amma sanin abu daban, jin daɗinsa daban. Na girma da ɗan ƙullin abin a raina, kuma ina jin shi ya sa na ture maganar can inda ba na tunawa da ita.

Kaka ta gan ni na dawo ba lokacin hutu ba, ta ce, “'Yar boko, an koro ki ne?” Na zauna a bakin gadonta na zayyana mata komai, har da zanen na nuna mata, ta riƙe shi a juye tana gyaɗa kai. Ta ce in maimaita mata tambayoyin yadda nake yi wa matan. Na maimaita. Sai ta fashe da dariya har tana tari, ta ɗauki carbinta ta ɗan bugi ƙafata da shi.

“Shekara huɗu kenan ana ce mini kina can kina koyon ƙirga. Ashe tuwo kawai kike ci. Tashi ki ɗauki takardar nan guda ɗaya, ki je ki tambayi uwarki.”

“Kaka, ai na san amsar Inna.”

“Ke dai je ki. Matambayi ba ya ɓata.”

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ce aikin makaranta ne, tambaya uku zan yi mata. Ta ce to. Shekarun aurenta ta faɗa daidai. Na ce 'ya'yanki nawa.

“Biyar,” ta ce, tana watsa wa kaji tsakuwar da ta tsinto.

Na ce babban shekararsa nawa. Ta faɗi shekarun ƙanena, wanda yake bi na.

Biro yana hannuna, na kasa rubutawa. Abu biyu suka zo mini lokaci ɗaya. Na farko, na ga dalilin da tudun zanena ya gudu gaba: kowace mace ta tsallake ɗanta na fari ta ba ni shekarun na biyu, waɗanda kuma ɗaya kaɗai suka haifa su ne suka rufe fuska suka shige ɗaki, ni kuma na jefar da takardunsu. Na biyu, ga ni durƙushe a gabanta, inuwata tana kan faifanta, ta ƙirga 'ya'yanta ba ni a ciki. Na ji daɗi aikina ya sami mafita, na kuma ji zafin da ban taɓa ji ba. Na tashi ba sallama na koma ɗakin Kaka ina kuka.

Kaka ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, “To kukan na mene ne? Kin ci jarrabawa ko kin faɗi?”

Na ce sai dai in ƙara ɗaya a kan amsar kowace mace. Amma tun kafin in rufe baki na san ba zai yiwu ba. Akwai matan da suka yi makaranta, musamman a wani ƙauye da ke kusa da Gagarawa, waɗanda na tabbata sun faɗi gaskiyar adadin. In na ƙara wa kowa, na gyara wasu na ɓata wasu, kuma wannan shi ne ainihin cike takarda a inuwa. Dole in koma in sake tambaya. To amma ta yaya zan sa mace ta faɗi abin da uwata ma ba ta faɗa mini ba?

“Wa ya ce sai ta faɗa?” in ji Kaka. “Baki ne yake kunya, hannu ba ruwansa. Wa kike zaton yake ɗinka miki zannuwan da nake ba ki duk salla? Ni da ko zare ba na gani? Wa yake soya miki naman da kike tafiya da shi makaranta?”

Ban taɓa tambaya ba.

Ga dabarar da ta ba ni. In tafi da ƙwarya da faifai da wake. In miƙa wa mace, in ce ta jefa ƙwayar wake ɗaya a kan kowace haihuwa da Allah Ya ba ta, ta rufe da faifai, ni kuma in juya baya. Shekarun ɗan fari kuwa kada in tambayi uwar. In nemi ungozomar garin ko surukar matar, su ba sa kunyar kowa. Kaka ta leƙa tsakar gida ta ce a ba jikarta aron ƙwarya da wake. Ba a jima ba sai ga ƙaramar ƙwarya sabuwa a ƙofar ɗaki, da faifai, da wake ƙulle a tsumma, tsintacce tas.

“Fara gwadawa a kan mai ƙwaryar,” in ji Kaka.

Na ƙi. Na ce lokaci ya ƙure. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada ƙwaryar ma ta ce biyar.

Na kira malamina a waya na yi masa bayani. Ya daɗe yana tambayata, don shekarunsa a arewa ba su kai shi cikin gidajen mutane ba. Daga ƙarshe ya ce kada in yar da takardun farko ko ɗaya, har waɗanda na rubuta wa “ba ta amsa ba.” In koma wurin matan nan dai, ɗaya bayan ɗaya, don kowace ta zama tana da amsa biyu, ta baki da ta ƙwarya. Bambancin da ke tsakaninsu, in ji shi, shi ne binciken nawa yanzu.

Zagaye na biyu damina ta sauka. Yashin ya kwanta, gero ya kai gwiwa, matan kuma ba a samun su sai sun dawo daga gona. Suna ganina da ƙwarya suka fara tsokana, wai 'yar boko ta koma tallan wake. Amma da na juya baya sai in ji ƙaran waken yana sauka ɗaya-ɗaya. Wata yarinya da ta shige ɗaki a karon farko, a wajen Ɗanzomo, ta karɓi ƙwaryar ta shiga da ita ɗakin, ta fito ta ajiye ta gudu. Na buɗe, ƙwaya ɗaya. A rugar Fulani na tarar wasu har na biyu suke tsallakewa da baki. Wata dattijuwa kuma a can bayan Maigatari ta jefa nata ta rufe, da na juyo sai na ga ta jera ƙwaya biyu daban a kan faifan. Ungozomar da ke rakiyata ta ce a hankali, “Waɗannan sun koma.” Ban shirya wa wannan ba. Daga ranar na ƙara layi a takardata, na kuma rage saurin cewa mutane ƙauyawa ne.

Kwana tara ya rage a rufe karɓar aiki na ajiye wa malamina zane biyu a tebur, na baki da na ƙwarya. A na biyun tudun ya dawo kusa da farkon aure, inda kowa ya san yake. Ya duba ya duba, sannan ya ɗauki jan biro ya soke sunan binciken ya rubuta sabo, a kan yadda salon tambaya yake sauya amsa. A kwana taran nan shi ya zauna da ni kullum bayan azahar, yana koya mini hanyar gwada amsa biyu na mutum ɗaya, abin da na haddace a aji uku na ci jarrabawa ban fahimta ba. Ya sa na sake rubuta babi na huɗu sau uku. Na yi ta tsine masa a zuci, yau kuwa ba na ɗaga hannu in yi wa malamaina addu'a ban sa shi ba. Ya kuma ce lallai in rubuta a babin hanyoyin bincike cewa dabarar ƙwarya ta kakata ce, don ba a cin haƙƙin mai ilimi.

Ranar kare aiki na shiga da ƙwaryar a hannu, 'yan ajinmu suna ƙunshe dariya. Malamin da aka ɗauko daga waje Bahaushe ne, mai furfura. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini tambayoyin lissafi masu zafi, na amsa waɗanda na sani, ɗaya na ce ban sani ba. Sannan ya jawo ƙwaryar gabansa ya ɗaga faifan ya mayar.

“Ni ma ɗan fari ne,” ya ce. “Har mahaifiyata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Je ki, kin tsallake.”

Na dawo Gumel da yamma. Kaka ta yi guɗa da muryarta da ta dushe, ta ce digirin nata ne, ni 'yar aike ce kawai, kuma da na karanta mata inda aka ambace ta a littafin sai ta ce ai da sun sa hotonta. Baba ya ce ashe hularsa ta san abin da take yi. Inna tana bakin murhu. Na wanke ƙwaryar, na ɗora faifan, na haɗa da ragowar waken, na kai ƙofar ɗakinta na ajiye. Na ce, “Ga aro nan, an gode.” Ta ce to, ba ta juyo ba. Ban yi fushi ba a wannan karon. Na riga na san wa yake soya naman.

Da safe na fito alwala sai na kusa tuntuɓe da abu a ƙofar ɗakin Kaka. Ƙwaryar ce, a rufe da faifai. Inna tana can ƙarshen tsakar gida tana shara, ta ba ni baya. Kaka tana zaune a kan tabarma da carbinta, ta yi kamar ba ta ga komai ba. Na durƙusa na ɗaga faifan.

Shida ne. Na ƙirga da ido, na sake ƙirgawa da yatsa.

Inna ba ta daina shara ba. Ta kalli bango ta ce, “A ce wa mai lissafi ta ƙirga da kyau, tunda an ce ta gama karatun.”

Ni ma na kalli bangon na ce, “A ce mata ya fita daidai.”